Minsharin da ke katsewa: tambayoyi kan ɗaukewar numfashi a cikin barci

Shin minshari ma ciwo ne?

Ba kowane minshari ba. Wanda ya kamata ya tayar da hankali shi ne mai katsewa. Maigida na jan minshari har ana jiyo shi daga tsakar gida, sai tsit, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga. Bayan daƙiƙa goma ko fiye sai ya zabura da wani gurnani kamar wanda aka shaƙe, ya juya ya ci gaba da barci. Da safe ka tambaye shi, bai san an yi ba. Galibi uwargida ce shaidar farko, kuma sau da yawa ita ake cewa tana ƙorafin banza.

Abin da ke faruwa shi ne naman maƙogwaro da harshe suna saki idan barci ya yi nauyi, su toshe hanyar iska. Likitoci na ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa guda: 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 ko fiye kuwa ya yi tsanani. Wannan ciwo ba shi ne dannau ba.

Idan mutum yana farkawa da kansa, ina haɗarin?

Nan ne ciwon yake yi wa mutane sata. Duk lokacin da numfashi ya tsaya, iskar oksijin tana raguwa a jini, jiki ya firgita, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. Mai fama da shi sosai yana iya shiga wannan hali sau ɗaruruwa a dare ɗaya, shekara da shekaru. Daga baya hawan jinin ya zauna har da rana. Shi ya sa idan mutum yana shan magungunan hawan jini kala uku amma jinin ya ƙi sauka, ya kamata a tambayi yadda yake barci. Ciwon yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, rikicewar bugun zuciya, gazawar zuciya da ciwon suga. Abin yana ci mini rai idan na ji an ce wane ya faɗi "haka kawai", alhali matarsa ta yi shekaru tana ƙirga numfashinsa da dare.

Sai kuma gyangyaɗin rana. Direban da ya ɗauki fasinja daga tashar Kawo ta Kaduna zai yi Zariya ko Kano, idan ido ya rufe masa na daƙiƙa biyu, rayukan da ke motar duka suna hannun ƙaddara. Goro da shayi mai ƙarfi ba sa biyan bashin barci.

Wa ya fi kamawa?

Masu ƙiba da kaurin wuya, maza fiye da mata, sai mata bayan sun daina al'ada. Taba, giya, maganin barci da irin su kodin da tiramol suna ƙara dagula shi. Siriri ma yana iya kamuwa idan haɓarsa ƙarama ce ko hancinsa a toshe yake. Alamun safe: ciwon kai, bushewar baki, gajiya, saurin fushi, da yawan tashi fitsari cikin dare.

Yara fa?

Suna kamuwa, yawanci saboda kumburin tonsil, wato ƙullutun nama biyu da ke gefen maƙogwaro, da naman bayan hanci. Yaro yana barci baki buɗe, yana minshari, yana fitsarin kwance, a makaranta kuma ba ya natsuwa. Kai shi wurin wanzami a cire belu ba ya buɗe hanyar, sai dai a jawo zubar jini ko wata cutar. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, inda likitocin kunne, hanci da maƙogwaro suke.

Yana da magani?

Yana da shi. Ana tabbatar da ciwon da gwajin barci, inda na'urori ke auna numfashi da oksijin dare guda. Babban magani shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan na Ostiraliya ya fito da ita a 1981: takunkumi ne a hanci, yana hura iska a hankali don hanya ta zauna a buɗe. Tana da tsada, kuma tana son wuta duk dare, don haka a nan sai an haɗa da batir ko sola. Rage ƙiba yana taimakawa ƙwarai, haka barin kwanciyar rigingine a koma gefe. Wasu yaran aikin cire tonsil ne ke warware musu.

Mijina ya ƙi yarda, yaya zan yi?

Hajiya, ɗauki wayarki ki naɗi minti biyar na barcinsa, musamman wurin da ya yi tsit ɗin da zaburar. Ki nuna masa cikin natsuwa, ba a gaban yara ba, sannan ku tafi da shi asibiti, ko na Barau Dikko da ke Kaduna ko wanda kuka saba zuwa, ku kunna wa likita tare da katin awon jininsa.