Tantance Kalmomin Waƙoƙin Sujada a Addinin Kirista

Tantance waƙoƙin sujada shi ne auna kalmomin waƙa da koyarwar Littafi Mai Tsarki kafin a amince jama'a su rera ta a taron ibada. A ikilisiya guda, fasto ko dattawa ko shugaban mawaƙa ne kan yi wannan aiki. A matakin ɗariƙa kuwa akan naɗa kwamiti duk lokacin da za a buga sabon littafin waƙoƙi. Abin da ya sa ake ba shi muhimmanci shi ne waƙa ta fi wa'azi zama a ka. Mutum kan manta wa'azin makon jiya, amma baitin da ya koya yana yaro yana nan a bakinsa har tsufa, ko daidai ne ko kuskure.

Tushensa a Nassi

Ayar da aka fi kafa hujja da ita ita ce Kolosiyawa 3:16, inda Manzo Bulus ya haɗa waƙa da koyarwa da gargaɗi a wuri ɗaya, ya ce maganar Almasihu ta zauna a cikin masu bi a yalwace. Afisawa 5:19 ta maimaita nau'o'i ukun da ya ambata, wato zabura da waƙoƙin yabo da waƙoƙin ruhu. A 1 Korintiyawa 14:15 ya ce zai yi waƙa da ruhu, zai kuma yi da hankali. Masana ba su daidaita ba kan ko nau'o'i ukun duk Zabura suke nufi, ko kuwa har da sababbin waƙoƙi.

Ƙarnonin farko

Ikilisiya ta fara sa ido a kan waƙa ne saboda masu karkatacciyar koyarwa sun riga ta gane ƙarfinta. Bardaisan na birnin Edessa, wanda ya rasu wajen shekarar 222, an ce ya tsara waƙoƙi 150 daidai da yawan Zabura, ya zuba ra'ayoyinsa a ciki. Waƙoƙin sun daɗe a bakin mutane har zamanin Ifraimu na Suriya, wanda ya rasu a 373. Ifraimu bai tsaya ga haramta su ba, sai ya tsara nasa waƙoƙin na raddi domin jama'a su samu abin rerawa a madadinsu. Haka ma Ariyus na Iskandariya, wanda ya koyar cewa Ɗan Allah halitta ne, ba madawwami kamar Uba ba. Marubutan tarihi na dā sun ce ya sa koyarwarsa cikin waƙoƙin da matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya ke rerawa. Majalisar Nikiya ta 325 ta yi watsi da koyarwar tasa, amma takaddamar ta ci gaba shekaru da dama bayan haka.

Hana waƙa ma kan zama makamin mai kuskure. Cikin laifuffukan da aka tuhumi Bulus na Samosata da su, bishop na Antakiya da aka tsige wajen 268, har da cewa ya hana rera waƙoƙin yabon Almasihu bisa hujjar cewa sababbi ne.

Majalisar Lawudikiya, wadda ake kyautata zaton ta zauna wajen 363 ko 364, ta hana amfani da zaburar da mutane suka tsara da kansu a cikin ikilisiya. Dokar ba ta game ko'ina ba. A shekarar 386 a Milan, sa'ad da fadar sarki ta nemi a miƙa wani ɗakin sujada ga mabiya Ariyus, Bishop Ambros da jama'arsa suka zauna a ciki dare da rana suna waƙa. Abokan hamayya suka ce ya yaudari mutane da waƙoƙinsa. Bai musa cewa waƙoƙin na da ƙarfi ba, ya ce ƙarfinsu shi ne shaidar Triniti, wato Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki Allah ɗaya, da ke fita daga bakin jama'a kullum. Agustin, wanda Ambros ya yi wa baftisma, ya rubuta cewa duk lokacin da daɗin murya ya fi taɓa shi a kan ma'anar kalmomin, yakan ɗauka ya yi laifi. Majalisar Braga ta wajen 561 ta sake taƙaita waƙa ga kalmomin Nassi, sai Majalisar Toledo ta Huɗu a 633 ta halatta waƙoƙin da malamai irin su Ambros suka tsara.

Daga zamanin Gyara zuwa ƙarni na 18

Masu Gyaran Ikilisiya sun rabu a kan wannan batu. Martin Luther ya ɗauki waƙa a matsayin hanyar koyar da talakawa, ya tsara waƙoƙi sama da 30 da Jamusanci, littafin farko kuma ya fito a 1524. A wurinsa duk abin da Nassi bai hana ba, kuma ya dace da bishara, ana iya rerawa. John Calvin ya ga cewa ba waƙar da ta cancanci Allah kamar wadda shi da kansa ya bayar, don haka a Janiba Zabura aka tsara cikin baitoci, aka kammala duka 150 a 1562. Ulrich Zwingli, duk da gwani ne a kiɗa, ya cire waƙa gaba ɗaya daga sujada a Zurik.

A Ingila, Benjamin Keach ya shigar da waƙoƙin yabo cikin ikilisiyarsa ta Baptis a Landan, har wasu suka fice wajen 1691. Isaac Watts ya buga waƙoƙinsa a 1707, sannan a 1719 ya sake tsara Zabura da harshen Sabon Alkawari. Zabura 72 da ke maganar sarki, alal misali, ya mayar da ita waƙar mulkin Yesu kai tsaye. Masu sukarsa suka ce ya sa wa Dawuda magana a baki.

John Wesley, jagoran Methodist, shi ne misalin edita mai tsauri, ko a kan ɗan'uwansa Charles, wanda ya tsara waƙoƙi sama da 6,000. A littafin waƙoƙin Methodist na 1780 mai waƙoƙi 525, John ya cire baiti guda daga "Love Divine", wanda a cikinsa ake roƙon Allah ya ɗauke wa mutum ikon yin zunubi. Ya kuma bar "Jesu, Lover of My Soul" a waje, abin da ake dangantawa da ƙin da yake yi wa kalaman shauƙi ga Almasihu. John ya rasu a 1791, sai bayan haka aka saka ta.

Ma'aunan da ake bi

Tambaya ta farko ita ce ko abin da waƙar ta faɗa game da Allah gaskiya ne: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allahntaka da 'yan'adamtakar Almasihu, gicciye, tashi daga matattu, da ceto ta wurin alheri. Daga nan sai a duba yadda ta yi amfani da aya. Waƙa na iya cika da kalmomin Nassi amma ta ciro su daga muhallinsu, kamar ɗaukar alkawarin da aka yi wa Isra'ila lokacin bautar talala a Irmiya 29:11 a mayar da shi tabbacin arziki ga kowane mai rerawa. Wannan kuskuren ya fi ƙarya ta fili wuyar kamawa, domin kunne ya saba da kalmomin.

Ana kuma tambayar ko waƙar a fayyace take. Idan za a iya rera ta ga saurayi ko budurwa ba tare da sauya kalma ba, masu tantancewa da yawa kan ajiye ta. Masu kare irinta sukan kawo littafin Waƙar Waƙoƙi da Zabura 63. Yawan "ni" a waƙa ko maimaita amshi ba laifi ba ne a karan kansa, tunda Zabura 23 cike take da "ni", Zabura 136 kuma ta maimaita amshi ɗaya sau 26. Adon magana ma ba ƙarya ba ne, dole a karanta waƙa a matsayin waƙa.

Ma'aunin da aka fi sakaci da shi, kuma ya cancanci kulawa, shi ne duba jerin waƙoƙin shekara gaba ɗaya. Kowace waƙa na iya zama daidai, amma idan babu tuba, babu makoki, babu shari'ar ƙarshe, jama'a za su tashi da rabin koyarwa. Kaso mai yawa na Zabura kuka ne, Zabura 88 ma ta ƙare ba tare da ta'aziyya ba.

A Ikilisiyar Katolika, dokar sujada ta Majalisar Fatikan ta Biyu ta 1963 ta ce kalmomin waƙa su dace da koyarwar Katolika, a kuma ɗebo su galibi daga Nassi da littattafan sujada. A 2020 kwamitin koyarwa na bishop-bishop na Amurka ya fitar da jagora kan auna kalmomin waƙa, inda ya fi nuna damuwa da yadda wasu waƙoƙi ke bayyana Jibin Ubangiji.

Takaddamar zamani

A 2013 kwamitin littafin waƙoƙin ɗariƙar Presbyterian ta Amurka ya so saka "In Christ Alone", wadda Keith Getty da Stuart Townend suka rubuta a 2001. Kwamitin ya nemi a sauya layin da ke cewa a kan gicciye an gamsar da fushin Allah, ya koma an ɗaukaka ƙaunar Allah. Marubutan suka ƙi. Aka kaɗa ƙuri'a, 9 suka ce a cire, 6 suka ce a bari. Kwamitin ya bayyana cewa batun gamsarwar ne matsalarsa, ra'ayin da ake dangantawa da malamin tauhidi Anselm na Kantabari, ba ambaton fushi ba. Masu goyon bayan layin suka kafa hujja da Romawa 3:25 da 5:9.

"Reckless Love" ta Cory Asbury ta 2017 ta jawo muhawara kan ko ya dace a siffanta ƙaunar Allah da ganganci.

Akwai kuma batun asalin waƙa. Wasu ikilisiyoyi ba sa rera waƙoƙin Hillsong, Bethel ko Elevation saboda sun saɓa da koyarwar waɗannan ƙungiyoyi, kuma kuɗin lasisin da ake biya ta hannun CCLI, kamfanin da ke ba ikilisiyoyi izinin amfani da waƙoƙi, na komawa gare su. Wasu na ganin kalmomin kaɗai za a auna, ba marubucin ba. Ɗariƙun da ke rera Zabura zalla suna nan har yau, kodayake sun ragu. Free Church of Scotland ta halatta waƙoƙin yabo da kayan kiɗa a 2010.