Miliyan (1,000,000)

Miliyan lamba ce da ke bin 999,999, ana rubuta ta da 1 da sifili shida. Dubu ce sau dubu, shi ya sa tsofaffi ke ce mata dubu dubu ko zambar dubu.

Asalin suna da tsohon ƙidaya

Kalmar ta fito ne daga yaren Italiya, inda ma'anarta take kusa da "babbar dubu", kuma ana jin ta fara yawo a can wajen ƙarni na 13 ko na 14. Hausa ta karɓe ta ta bakin Turawa. Amma ƙirga manyan lambobi ya girmi zuwansu nesa ba kusa ba, domin zamanin da ake ciniki da wuri dole ɗan kasuwa ya iya lissafin dubbai. Wuri ɗari shi ne zangu, wuri 20,000 da aka ƙunshe a tsohuwar tabarma kuma keso. Ke nan miliyan keso 50 ne, kayan da sai an nemo masu dako. Malamai kuwa Larabci suka jingina da shi: metan (200), arbaminya (400), alif (1,000), alfyan (2,000). In adadi ya wuce hankali sai a ce malala gashin tunkiya, a huta.

A lissafi

Miliyan cika ce, ba mara ba. In aka yi ta raba ta har ƙarshe, 2 guda shida da 5 guda shida masu ninka juna kawai ake samu, wato 64 sau 15,625. Murabba'in 1,000 ce, wato 1,000 × 1,000, kuma 100 × 100 × 100 ma ita yake bayarwa, abin da lambobi kaɗan ne ke haɗawa, irin su 64 da 729.

Lambobi 49 ne ke raba ta ba saura. Yawan nasu ya zo mara ne saboda kowanne yana da abokin ninki, ban da 1,000 da ke ninka kanta. In aka tara su duka aka cire miliyan ɗin, ana samun 1,480,437. Tunda jimlar ta zarce ta, masana lissafi na sa ta cikin lambobi masu yalwa.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Guda 78,498 ne ƙasa da miliyan, babbarsu 999,983, ta farko a samanta kuwa 1,000,003. A rubutun kwamfuta na 0 da 1, tana cin gurbi 20.

Daƙiƙa miliyan kwana 11 ne da awa 13 da minti 46 da daƙiƙa 40.

A yau

Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kaduna mutum sama da miliyan 6, duk da an yi ta jayayya kan alƙaluman ƙidayar a ƙasa baki ɗaya. Tun fitowar takardar naira dubu a 2005, miliyan a hannun ɗan Kasuwar Barci bandir goma ne, kowane bandir takarda ɗari.