Waiwaye: Shi ma'aunin, wa ya auna shi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana kallon allurar sikeli tana rawa ya san wannan tambayar. Kuma ba a kasuwa kaɗai take ba. Tana nan a famfon gidan mai, da na'urar awon hawan jini, da ma'aunin sanyi na firjin da ake ajiye allurar rigakafin yara.

Amsar tana da isnadi, irin wanda malamai ke bi: wane daga wane, har a kai ga tushe. A da kowane gari da nasa awon, kamar yadda mudun wannan kasuwa ke bambanta da na waccan. Faransa ce ta fara fito da mita da kilo bayan juyin juya halinta. Ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Paris, aka kafa ofishin awo na duniya, BIPM, a garin Sèvres.

Daga 1889 zuwa 2019 kilon duniya wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne na platinum da iridium, tsayinsa milimita 39, bai cika tafin hannu ba. An kife shi da murafun gilashi uku, aka kulle, aka raba wa ƙasashe kwafinsa. Da aka riƙa kwatanta su, sai aka ga cikin shekara ɗari sun saɓa da kusan maikrogiram 50 (maikrogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Ido ba ya ganin wannan, amma ga masana abin damuwa ne, domin wanda ake auna kowa da shi ba a tabbatar ya tsaya cik ba. Shi ya sa a Nuwamba 2018 aka kaɗa ƙuri'a a Versailles, daga 20 ga Mayu 2019 kilo ya koma dogara ga wani adadi na kimiyyar fiziks da ba ya canzawa, wanda ake kira da sunan Planck.

Sèvres ba za ta iya auna sikelin kowa ba, don haka ƙasashe suka gina nasu cibiyoyin: Jamus a 1887, Birtaniya a 1900, Amurka a 1901 (cibiyar ta Amurka ce aka sauya wa suna zuwa NIST a 1988). Gobarar Baltimore ta 1904 ta nuna wa Amurkawa tsadar rashin daidaito. 'Yan kwana-kwana sun kawo ɗauki daga wasu birane, amma bakin mesarsu ya ƙi shiga famfunan garin, gine-gine sama da 1,500 suka ƙone.

A 1999 cibiyoyin suka amince su riƙa gwada awonsu da na juna, su kuma karɓi takardun shaidar juna. A shekarar ne kuma aka fitar da ƙa'idar ISO/IEC 17025, wadda ake tantance ɗakunan gwaji da ita. A Najeriya hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, na da cibiyar awo ta ƙasa a Enugu, wata hukuma mai suna NiNAS kuma na tantance ɗakunan gwaji.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke gamsuwa da 'yar takardar da aka manna a jikin na'ura. Kowa na iya buga sitika. Mai asibiti ko masana'anta da ke neman wanda zai daidaita masa na'ura, ya nemi ganin shaidar tantancewa, ya duba ko ta ƙunshi irin awon da yake so, don wanda aka tantance a kan nauyi ba lallai ne an tantance shi a kan zafi ba. Takardar da za a ba shi kuma ta faɗi da wane ma'auni aka gwada tasa, daga wace cibiya wancan ya samo ingancinsa, sannan kuskuren da ke iya shiga awon ya kai nawa.