Busar Buɗe Rawar La Péri

Busar buɗe La Péri gajeren kiɗa ne na kayan busa na tagulla zalla, wanda mai tsara kiɗa ɗan Faransa Paul Dukas (1865 zuwa 1935) ya tsara a 1912 domin a gabatar da shi kafin rawar bale (rawar dandamali mai ba da labari ba tare da magana ba) mai wannan suna. Tsawonsa bai wuce minti biyu zuwa uku ba. Masu busa goma sha ɗaya ne ke yin sa: ƙaho huɗu, turampet uku, turombon uku, da tuba guda mai kaurin murya.

Dukas ya kammala kiɗan rawar a 1911. Da farko ƙungiyar Ballets Russes ta Sergei Diaghilev ce za ta nuna ta, Vaslav Nijinsky da Natalia Trouhanova su yi rawar, amma shirin ya wargaje saboda Diaghilev bai gamsu da ƙwarewar Trouhanova ba. Sai ranar 22 ga Afrilu, 1912 aka fara nuna ta a gidan wasa na Châtelet da ke Paris, Trouhanova na rawar Peri, aljanar da ke cikin labarin.

Labarin daga tatsuniyoyin Farisa ya samo tushe. Sarki Iskandar ya yi shekara uku yana yawon neman furen rashin mutuwa, har ya iske shi a hannun wata aljana, Peri, tana barci. Ya sace furen, ita kuwa ba za ta shiga Aljanna ba sai da shi, don haka ta yi masa rawa har zuciyarsa ta karye ya mayar mata. Ta tashi sama, shi kuma ajali ya riske shi.

Kiɗan rawar a hankali yake farawa, kamar raɗa, 'yan kallo na lokacin kuwa ba sa daina surutu da wuri. Abin da ya sa aka ƙara busar ke nan, ta yi aikin da kakaki ke yi a ƙofar fada: kowa ya nutsu, babban abu na tafe. Tana buɗewa da ƙarfi, ta lafa a tsakiya inda muryoyin kayan busar ke haɗuwa da taushi, sannan ta koma kan sautin farko. Wannan tsakiyar ce mafi daɗinta.

La Péri ce babban aiki na ƙarshe da Dukas ya fitar, domin mutum ne mai tsananin sukar kansa, ya lalata rubuce-rubucensa da dama. A yau busar ta fi rawar kanta shahara, ana yin ta ita kaɗai wajen buɗe bukukuwa da tarukan kiɗa.