Tsara Sauti da Haɗa Kiɗa a Fim da Wasannin Bidiyo

Tsara sauti sana'a ce ta naɗa, ƙirƙira da jera duk abin da kunne zai ji a fim ko wasan bidiyo, tun daga maganar 'yan wasa har zuwa ƙarar ƙyauren ƙofa da kiɗan da ke raka labari. Mai kallo yakan ɗauka cewa abin da yake ji shi ne abin da makirufo ya kama ranar ɗaukar hoto, alhali kuwa mafi yawansa a situdiyo ake gina shi daga baya, ɗaya kan ɗaya, kamar yadda magini ke jera tubali.

Asali

Fina-finan farko ba su da murya, sai dai a samu makaɗi a ɗakin kallo yana bin hoto da fiyano. A shekarar 1927 kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar da The Jazz Singer, wanda aka ji magana da waƙa a cikinsa daidai da motsin baki, kuma cikin 'yan shekaru aka daina yayin fim marar murya. A wannan zamani ne Jack Foley na kamfanin Universal ya shahara da tsayawa gaban allo yana kwaikwayon takun sawu da motsin tufafi, har aka sanya wa wannan aiki sunansa. Sunan sana'ar kuwa, wato mai tsara sauti, ya samu karɓuwa ne bayan an kira Walter Murch da shi a fim ɗin Apocalypse Now na 1979. Shekara biyu kafin nan Ben Burtt ya samar da gunjin takobin haske na fim ɗin Star Wars ta hanyar haɗa gurnanin injin tsohon majigi da ƙugin da makirufo ya kama kusa da akwatin talabijin.

Sassan aikin

Magana ita ce uwa. Ana ɗaukar ta da makirufon da ke kan doguwar sanda, wanda ake riƙewa saman kan ɗan wasa inda kyamara ba za ta gani ba, ko da ƙarami da ake ɓoyewa cikin riga. Idan ta lalace, sai a kira ɗan wasan situdiyo ya maimaita yana kallon leɓɓansa a allo. A kan magana ake ɗora sautin wuri, sannan na motsi. Mai aikin motsi yakan zauna da faranti cike da yashi da tsakuwa, da takalma kala-kala, ya ƙura wa allo ido, duk inda jarumi ya sa ƙafa shi ma ya taka. Ɓarin kwakwa biyu su zame masa kofaton doki, kabeji ya zame masa jikin da aka sara. Daga ƙarshe mai haɗawa ya daidaita ƙarfin kowanne. Bisa al'ada sautin fim ana naɗa shi ne na'ura tana auna shi sau 48,000 a daƙiƙa guda, hotuna kuma 24 ake ɗauka a daƙiƙa, sannan ko ɗan kuskure tsakanin baki da murya ido ba ya rasa ganinsa.

Wasannin bidiyo

Mawallafin kiɗan fim ya san daƙiƙar da jaruma za ta fashe da kuka, shi ya sa yake iya auna kiɗansa. Na wasan bidiyo ba shi da wannan gata, domin mai wasan ne ke riƙe da akala: yana iya ratsa daji cikin minti ɗaya, yana iya yini a ciki. A wasan Space Invaders na 1978 amo huɗu ne kacal ke ta maimaituwa, amma suna ƙara sauri yayin da abokan gaba ke matsowa, sai mai wasa ya ji gabansa na faɗuwa. Na'urar wasan bidiyo ta NES ta kamfanin Nintendo hanyoyin sauti biyar kawai take da su, kuma cikin wannan ƙunci Koji Kondo ya yi kiɗan Super Mario Bros. a 1985. A yau ana yanka kiɗa gunduwa-gunduwa a shigar cikin manhajoji irin su FMOD da Wwise, a kafa musu sharuɗɗa: idan maƙiyi ya kusato ganguna su shigo, idan ya ɓace su lafa. Takun sawu ma ba ɗaya ake naɗawa ba, ana tara iri-iri manhaja ta riƙa zaɓa, domin kunne da saurin gane maimaici yake.

A Jos da fina-finan Hausa

Jos na da tsohuwar alaƙa da wannan fanni. A nan ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979 take, tare da Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA, kuma hukumar ce ke shirya bikin fina-finai na Zuma a Abuja. Sai dai duwatsu da yanayin da ke jawo masu kyamara su ne ke wahalar da mai sauti. A lokeshan, da darakta ya ce a yi shiru, mai sauti zai danne abin kunnensa da hannu biyu, sai ya jiyo abin da kowa bai lura da shi ba: janareton maƙwabta, hon ɗin keke napep daga bakin titi, iskar hunturu tana dukan makirufo, ko yayyafi a kan kwanon rufi. Ƙwararre ba ya jin nauyin ɗaga hannu ya ce a sake, kuma kafin a tashi yakan roƙi kowa ya tsaya cik na minti guda don ya naɗi shirun ɗakin, wanda da shi zai cike giɓin da ke tsakanin jumloli wajen tacewa.

Wannan kulawa ta fi zama dole a Hausa, harshen da karin sauti da tsawon wasali ke sauya ma'ana a cikinsa. Kukan yaro da kukar miya kari ne ya raba su, garin Jos da garin tuwo kuma tsawon wasali, saboda haka kiɗan da ya danne murya yana iya cinye ma'anar jumla ɗungurum.

Masana'antar fim ta Hausa, wadda ake ƙirga somawarta daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 a Kano, ta ginu ne a kan waƙa, kuma fiyanon Yamaha ya daɗe yana tsayawa a madadin taron makaɗa saboda araha da sauri. Wannan ya haifar da salo mai farin jini, amma ya sa an fifita waƙa a kan sauran sassan sauti, har akan shimfiɗa kiɗa ɗaya tun daga farkon fim zuwa ƙarshe ba tare da an bar wa shiru gurbi ba. Abin takaici ne, domin kayan kiɗan Hausa da ma'anarsu suke zuwa. Kakaki da tambari na sarauta ne, kalangu ya yi fice da mahauta da 'yan dambe, sarewa tana kai zuciya wurin makiyayi, kuntigi kuwa duk wanda ya ji shi a Jos sai ya tuna marigayi Ɗan Maraya. Busa ɗaya ta kakaki tana sanar da mai kallo cewa an shiga fada tun kafin kyamara ta nuna soro.

Haka nan dogaro da sautukan da ake saukewa daga intanet yakan sa a ji kukan tsuntsun Turai a tsakar gidan Bahaushe. Maganin abin yana hannun masu naɗi: su fita da asuba su ɗauki hayaniyar 'yan gwari a kasuwar Farin Gada, da cinkoson Taminus, da lugude a cikin gida, da ruwan watan Agusta a kan kwano, su adana kowanne da sunan wuri da lokaci. Sannan tunda masu kallo da yawa a yau ta YouTube suke kallo a waya, bai kamata mai haɗa sauti ya sallami aiki ba sai ya saurare shi ta ƙaramar lasifikar waya, ya tabbatar kowace kalma tana fita.