Gotik: tsoron da ke kwana a kango

Ran Asabar bayan La'asar na raka ƙanena shagon da ake tura fina-finai a waya, can wajen Ƙofar Ƙaura. Tun daga gida yake mita. Sati biyu ya yi yana kwana a kan wani fim mai dogon zango na Turawa, Penny Dreadful, ga shi ya kai ƙarshe, ƙarshen kuma bai yi masa ba. Yana miƙa wa mai shagon memori yana ce mini, "Wallahi Yaya, cutar mu aka yi. Ka bi mace zango uku tana kokawa da shaiɗan, a ƙarshe a ce ita da bakinta ta roƙi a kashe ta?" Mai shagon bai ko ɗago kai daga kwamfuta ba ya ce, "Ai gotik ne, haka suke." Da aka tambaye shi mene ne gotik, sai ya ce, "Fim ɗin tsoro ne dai, amma na 'yan gidan sarauta."

Na yi dariya, amma mutumin bai yi nisa da gaskiya ba.

Asalin kalmar sunan wasu ƙabilun Turai ne, Gotawa, waɗanda suka afka wa birnin Rum a shekarar 410 suka washe shi. Bayan ɗaruruwan shekaru sunansu ya zama zagi a bakin masanan Italiya, duk abin da suka raina sai su ce aikin Gotawa ne. Da wannan zagin suka kira manyan coci-cocin nan masu dogayen hasumiyoyi da bakin ƙofa mai tsini, irin Notre-Dame ta birnin Faris da aka fara ginawa a 1163, alhali Gotawa ba su aza ko tubali ɗaya a ciki ba. Suna dai ya bi gini. Sai a 1764 wani ɗan majalisar Ingila, Horace Walpole, ya fitar da littafinsa The Castle of Otranto, a bugu na biyu kuma ya kira shi labarin gotik. A cikinsa wani basarake ne ke zaune a gidan sarautar da kakansa ya samu ta hanyar kisa da zamba. Ranar ɗaurin auren ɗansa, sai ga wani ƙaton kwalkwali ya faɗo ya murƙushe angon. Yaron bai kashe kowa ba. Bashin kakan ubansa aka zo karɓa.

Nan ne zuciyar kalmar take. Mu kan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A gotik kwikwiyon ba ya tsayawa a kan mai shi, yakan kwanta a zaure ya jira jikoki.

Fim ɗin tsoro na yau da kullum wani mahaukaci ne da adda yake bin samari a daji. Ka zabura, ka zubar da shayi, gari ya waye ka manta. Gotik ba ya sauri haka, kuma abin tsoronsa ɗan gida ne. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya san wani tsohon soro da aka garƙame, magada sun kasa rabawa, damina ta cinye zankayensa, jemagu sun gaje zaure. Ba wanda ya taɓa ganin komai a ciki. Amma kowa ya ji cewa wani abu ya faru a gidan, kuma manya suna sauya magana in yaro ya tambaya. Wannan shirun na manya, shi ne gotik. Tsufan gini kaɗai ba ya kawo shi: Hasumiyar Gobarau ta girmi duk wani kango a unguwarku, amma ba wanda ke kallonta ya tuna laifi. Haka labarin rijiyar Kusugu ta Daura. Akwai maciji, akwai dare, akwai tsoro, amma baƙo ya zo ya sare kan macijin, mutane suka samu ruwa, aka ƙare da aure. Labarin jarumta ne. Da marubucin gotik ne ya ba da shi, da a ƙarshe an gano cewa macijin jinin gidan sarauta ne, kuma wanda ya kashe shi ya gaji abin da ke jikinsa.

Turawan Birtaniya da Ireland sun yi ta rubuta irin wannan a ƙarni na 19. Frankenstein na Mary Shelley ya fito a 1818, labarin Dakta Jekyll a 1886, na Dorian Gray a 1890, Dracula kuma a 1897. A gefe guda akwai 'yan ƙananan takardun labari da ake sayarwa kan kwabo ɗaya na kuɗinsu, wato peni, duk mako, cike da jini da 'yan fashi, yaran talakawa suna rububinsu, masu ilimi suna toshe hanci, kamar yadda aka yi wa littattafan soyayya na kasuwar Kano a nan. Waɗannan takardu su ake kira penny dreadful, daga nan fim ɗin ya aro suna. Marubucinsa John Logan ya kwaso waɗancan dodanni duka ya zuba su a Landan ta 1891, ya sa wata mace da ya ƙirƙira da kansa a tsakiyarsu, Vanessa Ives, wadda Eva Green ta fito a matsayinta. Tashar Showtime ta fara nuna shi a 2014, aka yi zango uku, kashi 27.

Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, dole in fasa ƙwai.

Rigimar ta tashi ne a daren 19 ga Yuni, 2016. Ba a sanar da kowa cewa zango na uku shi ne na ƙarshe ba. Mutane sun zauna kallo da zaton za a haɗu baɗi, sai ga Vanessa ta miƙa wuya ga Dracula, dodon nan mai shan jini, hazo mai guba ya rufe Landan, sannan ta roƙi masoyinta Ethan, wanda ke rikiɗa ya zama kyarkeci kamar yadda ake ba da labarin masu rikiɗa kura a wajenmu, ya harbe ta. Suka yi addu'arsu ta Kirista, ya harba, aka binne ta, aka rubuta kalmar ƙarshe a fuskar talabijin. Bayan haka ne tashar ta tabbatar cewa an gama. Logan ya ce tun ana zango na biyu ya san a nan labarin zai tsaya, domin a wurinsa labarin na Vanessa ne da gwagwarmayarta da imani.

Masu sharhi a jaridu sun yaba wa zangon ƙwarai, musamman kashi na huɗu, wanda kusan gaba ɗayansa mutum biyu ne a ɗaki ɗaya na gidan mahaukata, Eva Green da Rory Kinnear. In ka kalli kashin nan ka ce ba a iya wasa ba, ka so zuciyarka. Sai dai akwai abin da ake mantawa in ana kafa hujja da makin masu sharhi a shafukan tattara sharhin fina-finai irin Rotten Tomatoes. Makin yana ƙirga kason waɗanda suka ce abu ya yi ne kawai, kuma galibi sharhin zango ana rubuta shi ne bayan an ga kashin farko-farko. Mai kallo kuwa yana yanke hukunci ne da ɗacin kashin ƙarshe a bakinsa. Ɗaya ya ɗanɗana miya tana kan wuta, ɗaya ya ci ƙanzo. Da ƙarshen ya fito, masu sharhin su ma sun rabu, wasunsu suka tsaya inda ƙanena ya tsaya.

Masu kare ƙarshen da kalmar nan suke kāre shi: gotik ne, ba a tashi da biki. Ta wannan gefen ina tare da su. Macen da aka nuna tun kashin farko cewa abin da ke binta a cikinta yake, ba za a ƙare da kai ta ɗakin miji ana guɗa ba. Wanda ya so haka, shagon da ya shiga ne ba daidai ba.

Amma in ka saurari masu ƙorafin da kyau, yawancinsu ba mutuwar ce ta dame su ba. An kawo Dakta Jekyll, wanda a littafinsa yake rikiɗa ya zama mugu mai suna Hyde, aka yi ta ɗaga masa labule, har aka tashi bai rikiɗa ba, sai dai ya gaji sarautar ubansa mai suna Hyde. An shigo da wata jaruma mai takobi, Catriona, ana dab da rufe shago. An ɓata kashi da yawa da Ethan a hamadar Amurka. Ita kanta Vanessa da kyar aka gan ta a sa'o'in ƙarshe, Dracula kuma da ta mutu sai ya sulale kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta. Wannan ba gotik ba ne, gaggawa ce. Salon nan da haƙuri ya yi suna, shi ya sa nake jin haushi in aka mayar da sunansa garkuwar aikin da aka naɗe tabarmarsa da sauri.

Mai shagon ya ce akwai wani mai irin sunan, City of Angels, na 2020, da aka kafa a Los Angeles ta 1938, amma zango ɗaya aka yi aka dakatar. Ƙanena ya ce a bar shi, a tura masa fassarar Indiya. Muna komowa ana kiran Magariba, muka zo saitin garƙamammen soron nan na lungunmu, sai na ga ya tsallaka ɗaya gefen. Na dube shi. Ya ce, "Kwata ce a wajen, Yaya."