Waiwaye: Wasiƙun sojojin Marine na Amurka, daga rezar hafsa zuwa katse intanet

Duk wanda ya karanta wasiƙun da sojojin Marine na Amurka suka riƙa aikowa gida daga tsibiran tekun Fasifik a Yaƙin Duniya na Biyu, abin da zai fara lura da shi shi ne yaƙin kansa bai cika fitowa a cikinsu ba. Su ne sojojin kundumbalar da ake saukewa daga jiragen ruwa su kutsa gaɓar da abokan gaba suka tsare, amma sai ka ga yaro ɗan shekara 19 ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa yana nan lafiya ƙalau, abinci ba laifi, a aiko masa da safa da alewa. Abu biyu ne suka riƙe masa alƙalami: dokar soja, da tausayin na gida.

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, kwana 12 kacal aka yi Shugaba Roosevelt ya kafa ofishin tace saƙonni, ya ɗora ɗan jarida Byron Price a kai. A fagen daga kuwa, sojoji ke tace nasu da kansu. Kurtu zai rubuta wasiƙa ya miƙa ta a buɗe, hafsan rukuninsa ya karanta, inda ya ga sunan tsibiri ko na jirgi ko yawan waɗanda aka kashe ya shafe da baƙin tawada ko ya yanke da reza. In yaro ya rubuta gaba da bayan takarda, rezar takan tafi da gaisuwar da ke ɗaya gefen. Adireshin da iyaye suka sani bai wuce gidan wayar sojan ruwa na San Francisco ba. Abin da ya fi damun masu aure shi ne hafsan da zai ba su umarni gobe da asuba shi ne ya karanta kalaman da suka rubuta wa matansu jiya da dare. Dole mutum ya taƙaita.

Sai matsalar nauyi. Jiragen sama na da harsashi da magani da za su ɗauka, ga buhunan wasiƙu jibge. A watan Yuni 1942 Amurka ta kwaikwayi dabarar da Ingila ta fara a 1941, ta fito da tsarin V-Mail: a rubuta a takarda ɗaya ta musamman, a ɗauki hotonta a siririn fim, a kai fim ɗin ƙetare, can a wanke a buga ta ƙarama. Wasiƙu 150,000 da kan cika buhu 37 sai su shige buhu ɗaya, nauyin da ya haura kilo 1,100 ya dawo kusan kilo 20. Kafin a rufe tsarin a Nuwamba 1945 ya ɗauki wasiƙu sama da biliyan ɗaya. Amma ba a iya cusa komai a ciki, kuma har jan-bakin da mata ke sumbatar takarda da shi sai da aka roƙe su su daina, don yana cushe injin. Abin da ke isa hannun uwa hoton rubutun ɗanta ne, ba takardar da ya taɓa ba.

Labarin Eugene Sledge ya nuna inda sauran maganar ta maƙale. Ɗan garin Mobile ne a jihar Alabama, mahaifinsa likita, shi kuma mai harba ƙaramar igwa a runduna ta ɗaya ta Marine. Ya sauka tsibirin Peleliu ranar 15 ga Satumba 1944. Kwamandansu, Janar William Rupertus, ya ce cikin kwana uku zuwa huɗu za a gama. Aka shafe sama da wata biyu. Zafi ya kai digiri 46, ruwan sha an kawo shi a durom ɗin da aka taɓa zuba mai, ƙasar kuma dutsen murjani ce da ba ta haƙuwa, gawawwaki suna ruɓewa a fili. An hana sojoji ajiye littafin tarihin rana, don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Sledge sai ya riƙa rubutu a 'yan guntayen takardu yana ɓoyewa cikin ƙaramin littafin Sabon Alkawari na Baibul da ke aljihunsa. A Okinawa, a 1945, wasiƙa ta zo daga gida cewa mota ta buge karensa ya mutu. Mutumin da ya ga mutuwar abokai ba adadi ya zauna yana hawaye. Waɗancan guntayen sai a 1981 suka zama littafi, shekara 36 bayan yaƙin. Takardunsa suna ajiye a Jami'ar Auburn. Ni a ganina wanda ya karanta wasiƙun soja kaɗai ya ce ya san yaƙi ya zalunci mai rubutun, domin ɓoyewar da ya yi wa uwarsa ita ma ɗawainiya ce da ya ɗauka.

Ba Amurkawa kaɗai ba. Janar Kuribayashi na Japan, wanda ya tsare tsibirin Iwo Jima inda Amurkawa kusan 7,000 suka mutu a 1945, yana rubuta wa matarsa damuwarsa kan iskar sanyi da ke shigowa ta ƙasan ɗakin girkinsu a Tokyo, alhali ya san ba zai dawo ba. A waɗannan shekarun ne kuma dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, cikinsu har da Hausawa da yawa, suke fafatawa da Japan ɗin a Bama (Myanmar ta yau), galibinsu sai sun sami mai rubuta musu kafin saƙo ya je gida.

Mafi ciwo shi ne saɓanin gudu. Labarin mutuwa ta wayar tangarahu yake zuwa, wasiƙa kuwa takan yi makonni a hanya. Iyali sun gama zaman makoki, sai ga masinja da takardar mamacin yana cewa kada a damu.

A yaƙin Biyetnam an daina tace wasiƙun sojoji, wasu ma kaset suke aikowa da muryarsu, kuma maganar ta fi fitowa fili. Duk da haka wasiƙun sun ci gaba da zama a akwatunan gida, ana zubar da su in tsofaffi sun rasu. Gobarar da ta cinye gidan su marubuci Andrew Carroll a Washington a 1989, da takardun iyalinsa, ita ta sa ya fara neman wasiƙun yaƙi a 1998. Yau sama da 100,000 suna Jami'ar Chapman a California. Majalisar dokokin Amurka ma ta buɗe irin wannan taska a babban ɗakin karatunta a 2000.

Lokacin yaƙin Iraƙi, rundunar Marine ta juya dabarar V-Mail: daga 2004 iyali kan rubuta ta intanet, a buga a sansani a kai wa soja a takarda. Tacewa kuwa ta sake salo. A lokacin yaƙin Afganistan, da zarar an kashe wani ko an ji masa mummunan rauni, sai a katse waya da intanet na dukan sansanin, har sai jami'ai sun sanar da iyalinsa, don kada su fara gani a Facebook.